Shaidu Uku Kan Tsagaggen Dutse

Daga birni, ƙarshen rani

Yaya Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Maman yara da jikoki. Direban motar safe ya ce mini gwiwar nan ta sake tashi har ka koma riƙe sanda. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai idanuna da suka fara gajiya da ƙananan haruffa, likita ya canja mini tabarau.

Na san za ka yi mamakin takarda daga gare ni, tunda rabonmu tun rasuwar Goggo. Na gwada waya, amma ba ta shiga garin sai mutum ya hau tudun tanki, ni kuwa ba zan sa mai ciwon gwiwa hawan tudu ba. Ban da haka, a maɗaba'ar da nake aiki an saba mana da cewa abin da ba a rubuta ba, ba a faɗa ba.

Ga abin da ya kawo ni. Kwamitin gari ya rubuto mini cewa bayan damina za a buɗe ɗakin tarihi a tsohon gidan ma'aikatan safiyo, masu awon ƙasa, kuma suna son ƙaramin littafin da za a riƙa ba baƙi: tarihin garin, yadda yake zaune, da wuraren da suka cancanci a gani. Sun ce ni suke so in rubuta, don aikina ne, kuma ni 'yar gari ce. Na amsa. Sai dai ka san ban gama firamare ba aka tafi da ni. Abin da na riƙe bai wuce sanyin safiya da ƙarar ruwa a bayan gidan Kaka ba. Kai kuwa ka koyar da tarihi a makarantar garin har ka yi ritaya, kuma duk baƙon da ya sauka, ƙofarka ake nuna masa.

Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ba na jin kunyar roƙonka. Ka rubuto mini abin da ka sani, ka ba direba.

Ƙanwarka.

Daga gida, bayan ruwan farko

Ƙanwata 'Yar Birni,

Amin, alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, sanda kuwa na riƙe ta ne don awakin maƙwabta, direba ne ke da yawan magana. Maman yara tana gaishe ki, da maigidanki da yara.

Labarin littafin ya riga takardarki isowa. A bencin mai shayi na ji shi, inda ake jin komai a garin nan tun kafin a yi shi. Na taya ki murna. Shekara da shekaru ina kai wa kwamitin nan shawarar a yi littafi, suna ce mini a dakata. Ashe jira suke a sami wadda sai an nuna mata hanyar marmaro. Ba laifinki ba ne. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Ga abin da kika nema. Garin yana zaune a kwari tsakanin duwatsu biyu. Na gabas ya fi tsayi, shi ya sa rana ke makara a wurinmu, har a gama karin kumallo rabin gari yana cikin inuwa. Na yamma gajere ne mai faɗin kai, a kansa tankin ruwa yake. Hanya ɗaya ce ke shigowa, daga kudu, tana lanƙwasa a jikin gangare. Da damina gajimare kan sauko har cikin kasuwa, ki ji muryar mai ciniki ba ki ga fuskarsa ba.

Waɗanda suka kafa garin masu narkar da tama ne, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. Tama suka biyo, da itacen gawayi. Shaida tana nan: a bayan makaranta, in kika tona ƙasa da ƙafa, za ki ga baƙin dunƙulen da wutarsu ta bari. Da itace ya ƙare, wuta ta mutu, sai jikokinsu suka koma noma. Su suka jera katangun dutse hawa-hawa a gangaren gabas, ba siminti ba laka, don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Har yau ba a gina abin da ya fi su a garin nan ba, har da ofishin kwamiti.

Wuraren gani: katangun nan, da kogunan arewa inda ake ɓoye hatsi a zamanin tsoro, da kwazazzabon da ruwa ke zubowa daga sama in damina ta kankama, da gidan safiyo mai murhun jin ɗumi a cikin ɗaki, sai tsagaggen dutse wanda marmaro ke fitowa ta ƙarƙashinsa. Na haɗo da wasu shafuka kan kowane.

Ana raɗe-raɗin wanda za a ba riƙon ɗakin tarihin. Wasu na cewa mai littafi ce za ta nuna. In haka ne, kada ki wahalar da kanki a kaina. Na saba tsayuwa daga ƙofa.

Yayanki.

Daga birni

Yaya Malam,

Na ji daɗin jin kana lafiya, ka gaishe mini da awakin maƙwabta. Ƙaramin ɗana ya yi zazzaɓi amma ya miƙe.

Babu wanda ya ce mini in nuna mai riƙon ɗakin tarihi, kuma ban nema ba. Ka cire wannan daga ranka.

Shafukanka sun iso, na gode ƙwarai. Na karanta su da alƙalami a hannu kamar yadda na saba, ban sami abin gyarawa ba. Amma zan faɗa maka gaskiya: shugaban sashenmu ya duba, ya ce wannan darasi ne mai kyau, sai dai baƙo ba jarrabawa ya zo rubutawa ba. Ya ce a nemo abin da mutum zai koma gida ya ba matarsa labari. Ni ma na ga hakan. Komai daidai ne, amma babu inda zuciya za ta tsaya.

Ka ce ka saba tsayuwa daga ƙofa. Yaya, wace ƙofa? Ranar da muka zo zaman makokin Goggo na bi bayanka daga tasha zuwa gida. Ba ka yi taku biyu ba tare da wani ya rusuna ya ce “Malam” ba. Ni kuwa ina zaune a tsakar gidan da aka haife ni, na ji wata tana tambayar ta kusa da ita, “Wannan baƙuwar ta wa ce?” Kai ke da garin. Ni takarda kawai aka ba ni in rubuta.

Tambaya ɗaya. Ka rubuta tsayin tsagaggen dutse da zurfin marmaro da watannin da ruwansa ke raguwa, amma ba ka faɗi abin da ya tsaga shi ba. Babu wani labari da tsofaffi ke bayarwa?

Ƙanwarka.

Daga gida

'Yar Birni,

Gaisuwa. Allah ya ƙara wa yaro lafiya. Ki gaishe mini da shugaban sashenku, ki ce masa mai darasi ya gode. Ɗaliban da na koyar da wannan darasin sun zama likitoci da alƙalai, ba wanda ya yi barci a ajina sai wanda ya kwana da yunwa.

Tunda labari kuke so, ga wanda tsofaffi ke bayarwa.

Wai a zamanin masu narkar da tama akwai wa da ƙane. Wan ya zauna a gari yana fama da wuta, hannunsa duk tabo. Ƙanen ya gangara ƙasa tun yana yaro, ya daɗe, ya dawo da riga mai aiki da baki mai daɗi. A shekarar aka yi fari, rijiyoyi suka ƙafe. Mutane suka taru a gindin wani ƙaton dutse don a zaɓi wanda zai jagoranci neman ruwa. Wan ya san kowane kwari da kowace jijiyar ƙasa, amma da aka dubi rigar ƙanen, sai aka ce shi. Wan ya jingina bayansa da dutsen, ya haɗiye abin da ke ransa. Jama'a suka watse, shi yana nan. Wai abin da ya haɗiye ya ratsa bayansa ya shiga dutsen, dutsen ya kasa ɗauka, ya tsage biyu, ruwa ya ɓulɓulo. Tun daga nan, wai duk wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuciya, in ya ɗora tafinsa a kan dutsen ya sha ruwan, sai ransa ya yi sanyi.

Ina fata wannan ya isa mutum ya ba matarsa.

Yayanki mai darasi.

Daga birni

Yaya Malam,

Sannu da aiki! Muna lafiya, ina fata ku ma haka. A tsaye na karanta takardarka, na zauna na sake karantawa. Ka ga abin da nake nufi? Kana da wannan a aljihu, ka tsaya auna mini zurfin ruwa. Shugabanmu ya ce da shi za a buɗe littafin, kuma hoton dutsen ne zai hau bango.

Kada ka ji haushi, amma a aikinmu ba ma buga labari da baki ɗaya, ko na waye. Mai ɗaukar hotonmu zai zo a mako mai zuwa. Na ce masa bayan hotuna ya tambayi mutane biyu ko uku, ba tare da kai ba. Ba rashin yarda ba ne, ƙa'ida ce. Ka taimaka masa da masauki.

Ƙanwarka.

Daga gida, tsakiyar damina

Ƙanwata,

Sallama. Muna lafiya, amma ruwa ya yi ɓarna. Ƙasa ta zaftare ta rufe hanya a babbar kwana, kwana guda bayan mai hotonku ya fita. Ba mota, ba direba. Ina rubuta wannan ban san ranar da za ta iso ki ba.

Ki cire labarin dutse daga littafin. Ba na tsofaffi ba ne. Ni na ƙirƙira shi, a kan teburina, a yammacin da na karanta maganar shugabanku. Raina ne ya ɓaci. Na so ki buga, dattawan kwamiti su karanta su yi dariya, su gane bambancin mai zama da mai ziyara. Da kika ce za a tambayi mutane sai na ce shi ke nan, ƙarya ta ƙare, za su ce ba su taɓa ji ba, ki gane da kanki.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakina. Washegarin da na aika miki, na zauna a bencin mai shayi na ce, “Ku ji abin da na dafa wa 'yar birni.” Na ba su labarin, aka yi dariya. Mutum huɗu ne ko biyar. Amma kin san garin nan: suka ɗauki labarin, suka bar mini gabatarwar a kan benci. Shekaranjiya na je aski, wanzami yana tsakiyar kaina ya ce, “Malam, ashe ka san abin da ya tsaga dutsen marmaro?” Ya ba ni labarina tun daga farko, ya ƙara wa ƙanen doki. Na ce masa ni na shirya shi. Ya ce, “Kai Malam, da wasa kake,” ya juya mini kai.

Ga gaskiyar, wadda ban rubuto ba tun farko don na ga ba ta da daɗin ji. Masu aikin hanya ne suka sa wa dutsen nakiya suna neman tsakuwa, mahaifina yana cikin leburorinsu yana saurayi. Dutsen ya tsage ta inda ba su so ba, ruwa ya fito ya cika ramin, suka bar shi suka koma wani. Ramukan da suka huda suna nan a bayansa.

Ki buga wannan, ko ki bar shafin fari. Duk abin da na mallaka a garin nan shi ne in na ce abu ya faru, to ya faru.

Yayanki.

Daga birni, ƙarshen damina

Yaya Malam,

Alhamdu lillahi da aka buɗe hanya. Na yi ta tambayar tasha har suka gane muryata. Ina fata ruwan bai taɓa gida ba, kuma sanyi bai tayar da gwiwa ba.

Takardarka ta iso jiya, bayan na gama gyaran ƙarshe. Na karanta ta da natsuwa, don haka ka karanta tawa da natsuwa.

Mai hoto ya dawo da shaidu uku, kowanne ya same shi daban. Direban da ya kai shi. Wani tela a bakin kasuwa. Sai tsohuwar da ke sayar da goro a hanyar marmaro, wadda ta ce tun tana yarinya kakarta ke ba ta labarin, har ta yi ƙwalla. Ba wanda ya ambaci sunanka ko bencin mai shayi. Ramukan da ka ce kuwa suna cikin hoto. Suna nuna an taɓa huda dutsen, ba su nuna ranar da ya tsage ba. Masu aikin hanya za su iya gwada dutsen da ya riga ya tsage, ai shi ya fi sauƙi.

Yanzu ka sa kanka a matsayina. A hannun dama ina da baki uku da suka yi daidai, har da takardarka ta biyu wadda ta ce na tsofaffi ne. A hannun hagu ina da mutum ɗaya da ya janye maganarsa, daidai lokacin da ya ji cewa ita ce za ta buɗe littafin da aka ba wani ba shi ba. Tun takardarka ta farko kake yi mini gugar zana. Na shanye maganar hanyar marmaro, na shanye ta ƙofa. Na kuma ga rigar ƙanen nan, ban makance ba, na san dalilin da ya sa wannan labarin ka zaɓa ka aiko mini cikin dukan labaran duniya. Amma ka ce in yaga shafin da ya fi kowane kyau don kawai a littafina ya faɗo, wannan ya yi yawa, Yaya.

Na gane abin da ke ci maka rai, kuma kana da gaskiya a kansa: ka yi wahala, wani zai ci suna. To na gyara. A ƙarƙashin labarin dutse na sa a rubuta cikakken sunanka, cewa daga bakinka aka samo shi. Na kuma rubuta wa kwamiti cewa kai ka tono shi bayan ya kusa ɓacewa. Bakunan sun ɗan bambanta a wasu wurare, na daidaita su.

Ina fata yanzu mun rabu lafiya.

Ƙanwarka.

Daga gida

Ƙanwata,

Lafiya muke. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, direba yana jira.

Kada ki sa sunana a wannan shafin. Ki sa shi a kan katangun gabas, ko masu tama, ko kogunan hatsi. Na yi rabin rayuwata ina tattara su. In babu wuri, ki bar ni ba suna. Tsohuwar goro ƙanwar matar mai shayi ce, kuma ba ta taɓa ganin kakarta ba, ni na san gidansu. Bakinki uku, harshe ɗaya ne, kuma nawa ne.

Na roƙe ki don zumunci.

Yayanki.

Daga birni, bayan buɗe ɗakin tarihi

Yaya Malam,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna. Takardarka ta same ni littafin yana wurin masu ɗinke shafuka, an gama bugu. Ko da ina so, ba a cire suna daga takardar da tawada ta bushe a kanta. Na rasa abin da zan rubuto, shi ya sa ban rubuto ba.

Ban sami zuwa buɗewar ba, aiki ya riƙe ni. Mai hoto ya je, ya kawo mini komai. Na taya ka murnar riƙon ɗakin tarihi. An ce shugaban kwamiti ya miƙa maka mabuɗi ya ce babu wanda ya cancanta sai wanda ya dawo wa gari da labarinsa. An ce aka ɗunguma zuwa marmaro, aka sa ka a gaba, ka yi shiru har mutane suka fara duban juna, sannan ka ba da labarin, aka yi tafi har tsuntsaye suka tashi. Mutumin da ya rantse mini ƙarya ce, shi ya tsaya a gaban gari ya faɗa. Ka gaya mini wanne zan riƙe.

Na tambayi mai hoto ko an ambace ni. Ya yi ta sosa ƙeya, ya ce shugaba ya gode wa “wata 'yar garin nan da ke birni, wadda ta taimaka da bugawa.” Na yi watanni a kan littafin nan. Na gyara kowane layi, na yi faɗa da masu bugu a kan launin gajimare. Sunana yana bango, amma a hotunan da na gani kowa ya buɗe shafi na farko ne, inda naka yake. An ce yanzu “littafin Malam” ake ce masa.

Ba ƙorafi nake ba. Na dai so, ko sau ɗaya, in sauka a tashar nan wani ya ce, “Ga ta nan.”

Ƙanwarka.

Daga gida, farkon sanyi

Ƙanwata,

Amin, alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, ko kuma hawa da saukar gidan safiyo ne ya hana ta sukunin ciwo. Maman yara tana gaishe ki, ta ce in daina rubuta miki takarda ina cikin fushi. Na ce mata da na bi wannan shawarar tun farko da yanzu ina gida ina kiwon awaki da mutuncina.

Kin tambayi wanne za ki riƙe. Ranar nan na je da niyyar in faɗi maganar nakiya a gaban kowa. Na shirya ta a bakina. Da na ɗaga kai sai na ga telan nan, shaidarki, tsaye da wansa kafaɗa da kafaɗa. Tun rabon gadon mahaifinsu ba sa gaisawa, ko a makabarta. Ashe a makon da ya wuce matansu sun ja su zuwa dutsen, suka ɗora tafi, suka sha ruwa, suka dawo a kan babur ɗaya. Suna kallona suna murmushi. To ki gaya mini, ke mai ƙa'ida, a wane layi zan ce musu tsakuwa ake nema? Shirun da aka ba ki labari ke nan.

Yanzu baƙi suna zuwa. Ina fara kai su katangun gabas, su tsaya suna duban agogo. In nuna musu dunƙulen tama, su ce, “Baba, ina dutsen?” Kin sa sunanki a kan duk gaskiyar da na tara, kin sa nawa a kan ƙarya ɗaya da na taɓa yi. Kuma kina kishin tafin. Zo ki karɓa, na ba ki kyauta.

Ban buɗe littafin ba sai jiya, don ban ga abin da zan koya a ciki ba. Abin da ya sa na buɗe, wata baƙuwa ce, malamar asibiti, ta zo da mijinta. Ina cikin labari na kai inda ƙanen ya dawo da riga mai aiki da baki mai daɗi, sai ta ce, “A'a Baba, ba haka ba ne.” Ta buɗe shafin ta karanta mini. Wai ƙanen ba don kansa ya tafi ba, ɗauke shi aka yi yana ƙarami. Wai kewar gida ce ta dawo da shi, ya shigo gari ba wanda ya gane shi, ya zauna a ƙofar gidan ubansa ana tambaya baƙon na wa ne. Wai da dutsen ya tsage, shi ya fara ɗebo ruwan a tafinsa, ya kai wa wan.

Ni ban rubuta wannan ba. Na je wurin tsohuwar goro na tambaye ta ko ita ta faɗa wa mai hoto. Ta ce a'a, ba ta faɗa ba, amma yanzu da na ambata ta tuna kakarta tana faɗar haka.

Don haka ban san baki nawa kika samu a kan wannan sakin layin ba, kuma ba zan tambaya ba. Na dai lura da abu ɗaya. In na ba da nawa, mutane kan gyaɗa kai. Da matar nan ta karanta naki, mijinta ya juya baya yana share ido, ya ce yana da ƙane a wata ƙasa. Ko a ƙarya kin fi ni, kuma wannan ne ba zan yafe miki ba.

Daga gobe naki zan riƙa bayarwa. In an yi hutu ki zo ki ji ko ina faɗarsa daidai. Ki sanar da direba ranar, zan tsaya a tasha.

Yayanki.